Injin Da Ya Ƙi Ƙetare Ruwa

Ranar da labarin ya iso mata, Jumma tana tsakar gidansu a Bagadaza tana wanke wake, tana kuma jin haushin mijinta. Bakari yana da jirgin ruwa mai inji a Dadin Kowa, yana ƙetarar da mutanen ƙauyukan hayi da buhunansu da awakinsu. A can yake kwana, sai ƙarshen mako yake shigowa Gombe. Amma kowace safiya, da zarar ya cika fasinja ya bar gaɓa, sai ya kira ta. Ba ta taɓa jin abin da yake faɗa da kyau ba, don ƙarar injin takan cinye maganar. Takan ce, "Baban Yusra, in ba za ka kashe wannan abin ba, ka daina ƙona katinka a banza." Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce ai dai ta ji yana nan da ransa.

A makon nan injin ba ya can. Ya riƙa ɗaukar zafi, Bakari ya ɗauko shi ya kai wa Dennis, wani bakanike a Madaki, ya ajiye tankin man a gida, ya koma don ya toshe ɓarakar da ke jikin jirgin kafin a gama gyara. Ba inji, ba fasinja, amma har hantsi ya dubi ludayi bai kira ba. Da wayar ta yi ƙara ta ga lambarsa, ba ta ko jira sallama ba.

"Sai yanzu ka tuna da mu?"

Muryar wani dattijo ce ta amsa. Ya ce shi ne Bamanga, shugaban masu jirage na bakin ruwa. Ya ce ta yi haƙuri. Bakari yana tsugune yana shafa wa jirgi kwalta ya ce kansa na juyawa, ya ɗan kishingiɗa a kan yashi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Jumma ta ajiye wayar a kan turmi ta ci gaba da wanke waken. Sai da Goggo ta fito daga ɗakinta ta tarar da ita tana cuɗa wake a robar da babu ko ɗigon ruwa, sannan aka san abin da ya faru. Goggo ƙanwar mahaifin Bakari ce, ita ta raine shi tun yana rarrafe. Ta yi rayuwarta tana sayar da man gyaɗa a kasuwa, har gwiwoyinta suka ce sun gaji, Bakari ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa.

Bayan an share makoki Bamanga ya dawo, ya zauna a zaure. Jumma ta shiga takaba, ba fita, ba kwalliya, ba ɗaga murya, don haka daga bayan labulen zauren ta saurare shi. Ya ce a bakin ruwa kowane jirgi da layinsa, kuma na Bakari shi ne jirgin farko da safe, wanda kowa ke so.

"Mun riƙe muku shi, 'yata," in ji shi. "Amma da damina ta sauka hanyar mota za ta yanke, mutanen hayi ba su da hanya sai ta ruwa. In lokacin ya yi jirginku ba ya aiki, dole in ba wani. Ba don ina so ba."

Jumma ta gane. Wannan layin shi ne tuwon gidan, shi ne makarantar Yusra, shi ne maganin gwiwar Goggo. Misbahu, ƙanin Bakari, wanda ke sayar da kayan waya a bakin tasha, ya ce zai rufe teburinsa ya karɓi jirgin. Ya iya tuƙi tun suna yara. Abin da ya rage kawai inji.

Dennis da kansa ya kawo shi a Keke Napep. Dogo ne, mai yawan magana, Bakari ya daɗe yana kai masa aiki. Ya yi gaisuwa, ya share ido da bayan hannu, sannan ya ce ya canja fanfon ruwan injin, zafi ya ƙare. Ya sa aka cika duro da ruwa a tsakar gida, ya rataya injin a bakinsa, farfelar na ciki.

"Mama, a ba ni tankin in gwada."

Goggo, wadda ta kulle tankin a ɗakinta, ta dafa mabuɗin da ke ɗaure a bakin zaninta. "Kayan mamaci ne. Ba a fito da su don wasa."

"Ba wasa ba ne, Mama, gwaji ne."

"Gwajin ai shi ne wasan."

Dennis bai ja ba. Ya ce yana da galan ɗinsa. Ya tsoma tiyo a ciki, ya ja igiya. Injin ya tashi da ƙarfi, ruwan duro ya yi ta tafasa yana fantsama har kan shanyar Goggo, kajin maƙwabta suka watse. Jumma tana leƙe ta tagar ɗakinta. Ta toshe kunne, ba don ƙarar ba.

"Kin ji, Maman Yusra?" in ji Dennis. "Wannan har Yola zai kai mutum."

Washegari Misbahu ya ɗauko a-kori-kura. Goggo ta fito da jan tankin robar daga ɗakinta, ta goge shi tas, ta gyara masa baki yadda take gyara wa jarkokin manta in za su yi tafiya, ta yi masa addu'a. Aka ɗora.

Kafin azahar wayar Jumma ta yi ƙara. Misbahu ne.

"Adda, injin nan fa da matsala."

"Wace irin matsala? Jiya a gabanka aka tashe shi."

"Ya tashi lafiya. Mun bar gaɓa kamar an harba mu. Muna kaiwa tsakiya sai ya fara tari, ya yi sanyi, kamar an riƙe masa ƙafa. In na ba shi wuta sai ya nemi mutuwa. Da filafili muka dawo, hannuna duk ya yi kanta."

Aka dawo da inji da tanki Bagadaza, don Goggo ta ce kayan Bakari ba za su kwana a bakin ruwa ba, ɓarayi sun yi yawa. Tankin ya koma ɗakinta. Injin ya koma duro. Dennis ya zo da galan ɗinsa ya ja igiya, injin ya yi ta ruri ba ko tari ɗaya.

"Tsohon mai ne," in ji shi. "Man da ke tankin ya daɗe a ajiye. A zubar. Ni zan haɗa sabo da hannuna."

Ya haɗa fetur da baƙin mai a jarka ya kawo. Goggo ta karɓa. Ta ce ita za ta ɗura, ta fi shekara arba'in tana ɗura mai da mazurari ba ta taɓa zubar da ɗigo ba. Ba wanda ya yi mata musu, don gaskiya ce.

Aka sake tafiya. Aka sake dawowa da filafili.

Daga nan abin ya zama kamar aikin gida. Inji ya tafi, inji ya dawo. Dennis ya kwance kafireto, wurin da mai ke haɗuwa da iska, ya wanke shi a tasar Jumma ta tuwo, tasar ba ta sake moruwa ba. Ya canja filogi. Ya ce wataƙila farfela ce ke sulɓewa, ya cire ya duba, lafiyarta lau. Misbahu ya ce duk lokacin da injin ya yi sanyi, ƙwallon robar nan da ake matsawa a jikin tiyo yakan lotse ya manne. Dennis ya ce yauwa, an kama ɓarawo, ya canja tiyon da ƙwallon gaba ɗaya. Sabon ma ya lotse.

"Ka buɗe ɗan ƙaramin murfin iska da ke saman murfin tanki?" Dennis ya tambaye shi.

"Na buɗe."

"Ka tabbata?"

"Oga Dennis, mutum nawa za su tambaye ni wannan? Duk mai jirgin da ke bakin ruwa ya tambaye ni. Na buɗe, na murɗa har ya kusa fita a hannuna."

"To ka ari tankin wani ka gwada mana."

Misbahu ya sosa ƙeya. "Babu wanda zai ba ni. Sun ce ba za su haɗa tankinsu da injin mamaci ba."

Nan ne Jumma ta fara jin abin da ake faɗa. Wai injin ma takaba yake yi. Wai ya san hannun mai shi, ba zai ja wa kowa ba. Wai akwai abin da ke tsakiyar ruwa da Bakari ya saba gaisawa da shi, Misbahu kuwa wucewa yake ba sallama. Matan da ke zuwa taya ta zama suka ɗauko maganar suka baje mata a tabarma. Goggo ta aika aka karɓo rubutu, ta yayyafa wa injin, ta turara shi da hayaƙi har Dennis ya zo ya tarar da garwashi kusa da galan ɗin fetur, ya yi tsalle ya yi waje da kaskon.

"Mama, so kike ki tashi unguwar nan gaba ɗaya?"

"Kai dai ka gyara naka, in gyara nawa. Naka ɗin ma me ya tsinana?"

Jumma ta matso bayan labule. Ta yi ƙoƙari ta rage murya yadda ya kamaci mai takaba, amma maganar ta fito da kaifi.

"Oga Dennis, a duro injin nan lafiyarsa lau. A ruwa yake ciwo. Me zai hana ka bi Misbahu ka shiga jirgin, ka ga abin da idonka?"

Dennis ya shiga goge sifana da tsumma.

"Maman Yusra, ni mutumin Kaltungo ne. A garinmu dutse muke hawa. Duk ruwan da ya fi duro ba nawa ba ne."

"Kana gyaran injin jirgi, ba ka shiga jirgi?"

"Likitan haihuwa ma ai ba ya haihuwa."

Misbahu ya fashe da dariya. Jumma ba ta yi ba. Ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado, ta dubi hular Bakari da ke rataye a ƙusa. Haushin da ta kasa sauke wa maza a tsakar gida ta sauke wa hular.

"Ka ga abin da ka bar ni da shi? Bakanike mai tsoron ruwa, da ƙaninka da bai san komai ba sai cajar waya, da Goggo da kaskon wuta. Ni kuma an ce ko ƙofar gida kada in taka. Da ka tashi tafiya ba sai ka bari a gama gyaran ba? Kullum haka kake, sai ka fara abu ka bar wa mutane."

Ta faɗa, ta yi istigfari, ta kuma ji haushin bai ragu ba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne komai sai dai a ba ta labari. Ba ta taɓa ganin inda injin ke mutuwa ba. Abin da take gani kawai a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, a shigo da inji a kafaɗa, Misbahu na biye da tanki a hannu, fuska a murtuke. Ta lura tankin kan dawo da cikinsa a shafe, gefensa ya lotsa kamar wanda ya kwana da yunwa, amma da safe in Goggo ta fito da shi sai ta gan shi ya cika ya yi ɓul-ɓul. Ta ɗauka zafin rana ne. Roba ce, ba abin da rana ba ta yi mata.

Sai ga hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwan farko. Ƙasa ta yi ƙamshi, yara suka fita tsalle a lungu. Da la'asar Bamanga ya kira Misbahu, Misbahu ya sa wayar a fili kowa ya ji.

"Ranar kasuwa mai zuwa ku kawo shi. Ni da kaina zan shiga. In ya ƙetare, layi naku ne. In bai ƙetare ba, ku yafe ni. Mutane sun fara cewa ina fifita mamaci a kan masu rai."

Dennis ya sake bin injin tun daga sama har ƙasa. Ya kunna shi a duro ya bar shi yana ruri har maƙwabcinsu ya leƙo ta katanga ya ce in jirgin ya iso a gaya masa ya sauka. Ba tari, ba sanyi. Dennis ya kashe shi ya zauna a kan bokiti.

"Na rantse da Allah ban san abin da ya rage ba."

Ranar kasuwa da sassafe Goggo ta ɗura mai, aka ɗora kaya, Misbahu ya tafi ko karyawa bai yi ba. Ba a daɗe ba sai ga Dennis ya yi sallama. Ya ce ya buɗe gareji ya kasa riƙe ko sifana, gara ya zo nan ya jira labari. Ya zauna a zaure. Jumma ta aika masa da kunu.

Goggo tana tsakar gida tana neman abin da za ta ƙulle daddawa. Ta zazzage kwandonta, ta ɗaga tabarma, tana ta mita ita kaɗai.

"Ledojina masu kauri duk sun ƙare. Masu kyau, na sukari, da na daɗe ina tarawa. Wannan tankin duk ya cinye min su."

Jumma tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba. "Tanki kuma, Goggo? Tanki na cin leda?"

"Wannan dai yana ci. Kullum in na sa masa sabuwa, in ya dawo sai in tarar ya zuƙe ta ciki, ta yi jaka, ta saki. Ba ta sake moruwa. Kuma in na buɗe sai ya yi min tsaki, fuuu, kamar na yi masa laifi."

Hannun Jumma ya tsaya a kan rariya.

"A ina kike sa ledar?"

"A ina ake sa leda? A baki mana. In shimfiɗa ta biyu, in ɗora murfi, in murɗa da bakin zani. Ke ba haka kike wa jarkar manja ba? Hanyar Dadin Kowa duk gargada, so kike man ya zube a mota?"

Haka Jumma take wa jarkar manja. Haka uwarta take yi, haka duk macen da ta taɓa ɗaukar mai a mota take yi. Amma wani abu ya faɗo mata. Wata rana da daɗewa Bakari ya ajiye tankin a ƙofar ɗaki, warin fetur ya dame ta, ta murɗe ɗan ƙaramin murfin nan na sama. Da zai tafi ya kwance shi yana dariya, ya ce a gida ta shaƙe shi yadda take so, amma a ruwa sai ya sha iska yake ba da mai.

Ta miƙe, garin ya zube a zaninta. Ta isa labulen zaure.

"Oga Dennis, in an shimfiɗa leda a ƙarƙashin babban murfin, ƙaramin na sama zai yi aiki?"

"Wace leda?"

"Goggo ke sa wa. Duk tafiya."

Ta ji kofin kunu ya faɗi.

"Leda? A bakin tanki? Yesu! Maman Yusra, kira shi! Kira shi yanzu!"

Ta kira. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira, aka ce ba a samun layin. Dennis ya manta da labule, ya manta da takaba, ya shigo tsakar gida yana zagaye duro da hannu a ka. Goggo na tsaye da daddawarta tana kallonsu.

"Me ledar ta yi? Sabuwa ce fa."

Da ƙyar Misbahu ya ɗauka. Bayan muryarsa Jumma ta ji hayaniya, mata na salati, akuya na kuka, wani namiji na cewa dama ya faɗa, dama ya faɗa. Ba ƙarar inji.

"Adda, ba yanzu ba. Ya sake yi. Muna tsakiya, ga hadari, Baffa Bamanga ya ce a ɗauko filafili."

"Buɗe murfin tankin."

"Na buɗe! Wallahi na buɗe, a gaban Baffa na—"

"Ba ƙaramin ba. Babban."

"Babban kuma na me? Mai a cike yake, ba ƙarewa ya yi ba. Adda, don Allah ki bari in ji da mutanen nan."

Tun ranar da aka yi rasuwa Jumma ba ta yi magana ta wuce tsakar gida ba. Ran nan har masu awo a bakin lungu sun ji ta.

"Misbahu! Ka buɗe babban murfin nan ko in fito da takabata in hau mota in zo in buɗe da kaina!"

Ta ji motsi a wayar, ta ji yana nishi yana cewa wa ya ɗaure wannan abu haka. Sannan ta ji wani dogon tsaki, fuuu, irin wanda Goggo ta kwatanta.

"Leda," in ji Misbahu, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Adda, leda ce a ciki. Har biyu."

Dennis ya matso yana ihu ta kan kafaɗarta. "Cire ta! Mayar da murfin, bar ƙaramin a buɗe! Matsa ƙwallon har ya yi tauri! Ya yi? To ja!"

Aka ja, ya yi tari. Aka sake ja. Sai ƙarar ta cika wayar, ta tashi, ta daidaita, ta miƙe ba yankewa. Misbahu bai kashe wayar ba, ya jefa ta a aljihun gaba. Jumma ta tsaya da ita a kunne. Ba ƙarar duro ba ce, wadda katanga ke dawo da ita. Wannan a buɗe take, da iska a cikinta da ruwa na dukan katako. Ita ce ƙarar da ta yi shekaru tana cinye mata maganar mijinta. Can ƙasa wani yana magana, ba ta jin abin da yake faɗa.

Ta zauna a kan turmi. Ba ta san tana kuka ba sai da ta ga gaban hijabinta ya jiƙe. Dennis ya koma zaure a hankali, ya saki labulen.

Ba ta sauke wayar ba har ƙarar ta ragu, ta ji jirgi ya daki yashi, mutane na sauka suna dariya. Sai ga muryar Bamanga.

"'Yata, kina ji? Mun ƙetare. Gobe da safe jirginku ne na farko. Amma ki gaya wa mai ledar nan na gaishe ta."

Goggo ba ta karɓi gaisuwar ba. Ta ce duk wanda ya ƙera tankin da sai an bar shi a buɗe bai taɓa sayar da mai ba. Ta ce da ba ta sa ledar ba da rabin man ya zube kafin a wuce Liji, sannan a zo a ce ita ce. Dennis daga zaure ya ce kafireto ya wanke, filogi ya canja, tiyo ya canja, bai yi barcin kirki ba tun da aka fara, ashe da ledar sukari yake faɗa. Goggo ta ce ai da ya shiga jirgin da ya gani.

Jumma ta buɗe baki za ta faɗi abin da ke cikinta, don akwai da yawa. Sai ta ga tsohuwar ta juya baya tana ninke wata yagaggiyar leda, tana sake ninkewa.

"Tun yana ƙarami ni nake ɗaure masa kaya in zai yi tafiya," in ji Goggo, ba ta juyo ba. "Bai taɓa isa wani wuri da abu a zube ba."

Jumma ta rufe bakinta. Ta ɗauki rariya ta tattara garin da ya zube.

Inji da tanki ba su sake kwana a Bagadaza ba, Bamanga ya ba su wuri a ɗakin ajiyarsa. Duron ya koma na wanki. Tasar tuwon har yau warin fetur take, a ciki ake ba kaji ruwa. Jumma ta fita takaba, ta je Dadin Kowa ta ga wurin da Bakari ya kishingiɗa, ta ga jirgin, ba ta shiga ba.

Kowace safiya, in ta sallami Yusra makaranta, takan duba rana a kan katanga, ta san jirgin farko ya bar gaɓa. Sai ta kira Misbahu. Da farko yakan yi ta ihu yana tambayar ko lafiya. Yanzu ya daina. Yakan ɗauka kawai ya riƙe wayar. Ta saurara kaɗan, ta ce, "To," ta kashe, ta je ta ɗora ruwan kunu.